Shekarar da Ɗan'azumi Bai Shuka Masara Ba

Ɗan'azumi bai taɓa jin tsoron fure ba sai da wuta-wuta ta shiga gonarsa a Saulawa. Ɗan ƙaramin fure ne, ja-ja, gwanin sha'awa, amma duk gindin masarar da ya tsiro, tata ta ƙare: ganye ya ƙanƙance, kara ya tsumbure, goyo bai wuce ɗan yatsa ba. Ya zuba takin zamani har ya gaji, furen sai ƙaruwa yake.

Gonar ta gado ce, shi da yayansa Mu'awiyya mai shagon taya a Ikara. Da kaka Mu'awiyya ya zo ya leƙa rumbu, ya girgiza kai.

"Ƙasar nan ta mutu. Akwai mai son saye, gidan kaji zai yi."

"Haba Yaya, gonar Baba ce fa."

"Baba bai bar mana ita don mu noma fure ba."

Da ƙyar da roƙo ya yarda ya jira damina biyu.

Datti, wan matarsa Mero, manomi a Hunkuyi, shi ya ba shi shawara. "Bana ka haƙura da masara, ka zuba waken suya gaba ɗaya. Wuta-wuta ba ta iya tsotsarsa, sai ta tsiro a ƙasa ta rasa abin kamawa ta mutu. Kuma wake yana bar wa ƙasa abinci. Baɗi ka mayar da masararka."

Da Mero ta ji, ta ajiye muciya ta dube shi. "Malam, tuwon me za mu ci?"

Duk da haka ya samo irin waken. Ya shuka.

Daminar nan bai samu sukuni ba. Masarar maƙwabta ta wuce kan mutum, nasa shukan ko gwiwa bai kai ba. Masu wucewa suna yi masa sannu irin ta wanda aka yi wa rashi. Da marka ta yi marka, ya fara jin ƙwaryar Mero tana kankarar gindin rumbu, kuma kowace kankara a ƙirjinsa yake jin ta. Ya lura tana rage nata tuwon tana ƙara wa yara. Shi ma ya rage nasa.

Waken ya yi. Ya kai kasuwar Makarfi ya sayar ya auno masara, Mero ta kama suyar awara da ragowar. Aka lallaɓa aka kai wata damina, ya mayar da masara.

Ta tashi kore shar, amma hankalinsa bai kwanta ba, domin haka take yi kullum kafin furen ya fito. Da ta fara goyo sai ya daina shiga tsakiyar gonar. Ya zagaya gefe, ya koma gida.

Wata safiya ya ji ƙarar babur. Mu'awiyya ne, ya ɗauko mai gidan kajin.

"Mu je a gani."

Suka kutsa cikin kunya, Ɗan'azumi a baya. Ba su yi nisa ba ya hango jan fure. Ya kama salati. Ga wani can kuma. Ya jira ya ga inda ja ya mamaye kamar da, amma har suka ɓulla ƙarshen gona, tsilli-tsilli ne. Masara kuwa ta rufe su, goyo kamar damtse.

Baƙon ya yi gyaran murya, ya ce zai jira a bakin hanya.

Mu'awiyya ya ɓare goyo ɗaya, ya daɗe yana duba ƙwayar.

"Har yanzu akwai shi fa."

"Akwai, Yaya."

"To tsayuwar me kake? Tumɓuke shi kafin ya zuba iri."

Ya naɗe hannun riga ya sunkuya da kansa. Ɗan'azumi ya durƙusa a kunya ta gaba. Suka yi ta tumɓuke furen har rana ta take.