Huda Goma Sha Uku

Kofur Ajimi yana kwance rub da ciki a tsakar gidansu na unguwar Gwange, taɓarya a kafaɗa, ya auna baƙin ɗigon da matarsa Gumsu ta yi da gawayi a jikin katanga. Gumsu na tsaye a kansa da faranti da ludayi.

"Riƙe numfashi," in ji ta. Ta kwaɗa wa farantin ludayi, kwaram!

"Ka ƙifta, Kofur."

"Ban ƙifta ba."

"Ido biyu ka rufe, ina kallo. Sake."

Sati uku ke nan suna wannan aiki kowace safiya, har kajin gidan sun daina firgita. Ajimi kukun soja ne. Shekara goma sha tara yana sanye da kaki, amma tsakaninsa da bindiga sai gaisuwa daga nesa. An ɗauke shi ne lokacin da ake neman mai iya tuƙa tuwon mutum ɗari ba gudaji, ba wanda ya tambaye shi harbi. Sai ga wani sabon kyaftin ya dawo daga Kwango a shekarar 1963, ya kafa doka: kuku, akawu, direba, tela, mai busa, duk mai cin abincin soja sai ya iya harbi. Harsashi goma, a sami biyar a allo. Wanda ya faɗi sau uku, sallama.

Ajimi ya faɗi sau biyu. Yau ce ta uku. Saura masa shekara ɗaya tak ya ajiye aiki da lambar yabo, ga shi ana shirin kora shi gida kamar wanda ya yi sata. Abin na cin ransa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Ya taɓa samun kyaftin ɗin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni muciya ce bindigata."

Kyaftin ya ce, "Baba, a Kwango na binne kukuna da muciyarsa a hannu. Harsashi ba ya tambayar aikin mutum." Ajimi ya ga idon kyaftin ɗin ya kawo ruwa, sai ya sara ya fita.

Ya miƙe ya kakkaɓe kakinsa. Gumsu ta gyara masa hula ta ce, "Ka ɗauka ni ce a kanka da faranti."

"Ai kin fi kyaftin ban tsoro," in ji shi, ya hau kekensa.

A filin harbi, bayan gari, mutum uku-uku ake kwantarwa, kowa da allonsa a gaban tudun yashi. Da aka kira Ajimi, sai ya ga Pindar direba a damansa, Nnadozie akawu a hagunsa. Su biyun nan ba su da uba a barikin sai shi. Pindar ya zo daga Biu yana ɗan siriri kamar sillen kara, ƙanzon tukunyar Ajimi ne ya mai da shi mutum. Nnadozie kuwa, lokacin da shawara ta kwantar da shi wata guda, Ajimi ne ya riƙa kai masa kunu da romon banda har gado, yana yi masa faɗa da Barbarci, shi ko kalma ɗaya ba ya ji.

"Baba Ajimi, kwantar da hankali," in ji Nnadozie. "Yau sai ka ci."

Pindar kuwa ya yi wani murmushi, irin na wanda ya ɓoye nama a aljihu.

Saje Haruna, mai koyar da harbi, ya daka tsawa a fara. Ajimi ya manna gindin bindiga a kafaɗa, ya ce bismillah, ya riƙe numfashi. Ya tuna Gumsu da farantinta. Ya ja kunama. Bindiga ta tokare shi, kunnensa ya yi dum, amma yana jin kamar idonsa na dama bai rufe ba. Haka ya yi ta yi har goma, gumi na shiga masa baki. Inda harsasan suka tafi kuwa, Allah masani.

Aka busa usur, aka taka zuwa alluna, kyaftin a gaba. Saje Haruna ya ƙirga na Pindar: shida. Na Nnadozie: shida. Ya zo kan na Ajimi ya fara ƙirga da yatsa, ya kai ƙarshe, ya goge ido ya sake daga farko.

"Nawa?" in ji kyaftin.

Saje ya haɗiyi yawu. "Goma sha uku, ranka ya daɗe."

"Harsashi nawa ka ba shi?"

"Goma."

"To, Kofur Ajimi, harsasanka haihuwa suke yi a hanya?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mai da ita tari. Ajimi ya dubi Pindar, ya dubi Nnadozie. Kowannensu ya sa wa takalminsa ido. Nan take ya gane. Kowa ya yi niyyar taimakon Baba a ɓoye, kuma don tsabar ɓoyewa ba wanda ya shawarci ɗan'uwansa. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Kunya ta rufe shi, tare da tausayinsu, don ya san abin da suka yi zai iya cin kakinsu su ma.

Ya ƙame ya sara. "Ranka ya daɗe, yaran nan ba su da laifi, abincina ne ya ruɗe su. Ni ban iya ba. A sallame ni, a bar su."

"Ni na harba huɗu a nan, sa," in ji Nnadozie da sauri. "Baba bai sani ba."

"Ni ma huɗu," in ji Pindar. Ya juya ya harari Nnadozie. "Wa ya aike ka?"

"Kai wa ya aike ka?"

Kyaftin ya ɗaga hannu, suka yi tsit. Ya koma kan allon Pindar ya ƙirga da kansa, ya koma kan na Nnadozie, sannan ya tsaya gaban na tsakiya ya daɗe.

"Saje, mai goma da ya sa shida a allonsa, nawa ya rage masa ya yi kyauta?"

"Huɗu."

"Su biyu, takwas. Ban da su akwai wanda ya kwanta a layin nan?"

"Babu, sai Kofur."

"To sauran biyar ɗin fa, aljanu ne?"

Sai da maganar ta zaga filin kafin ta iso kan Ajimi. Biyar. Nasa ne, da hannunsa da idonsa. Saje Haruna ya manta gaban wa yake, ya rungume shi yana yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, Ya Ajimi, wushe!"

"Ka ci, Baba," in ji kyaftin, yana danne dariya. "Waɗannan masu kyautar kuwa, sati biyu suna wanke maka tukwane. Ka ba su manya."

Da la'asar Ajimi ya shigo gida da takardar allon a naɗe a bayan keke. Ya shimfiɗa ta a tabarma, ya ba Gumsu labari tun daga farko, tana dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa sai ta sunkuya tana bin hudojin da yatsa.

"To Kofur, nuna min. Waɗanne ne naka a ciki?"

Ajimi ya duba. Duk girmansu ɗaya, ba mai suna. Ya shafa takardar a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Bar ƙirga, Gumsu," ya ce. "Duka nawa ne."