Injekta ta Ƙarshe a Tudun Wada

Makanikan layin gareji na Tudun Wada magani ɗaya suka sani idan tsohuwar mota mai injekta, wato na'urar fesa wa inji mai, ta fara tari: a ɓalle injektar a jefar, a ɗora kafireta. Da wannan maganin suka bi motocin Zariya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama saura guda, wata tsohuwar Marsandi ruwan toka ta Chike mai sayar da kayan gyaran mota. Ita ma ba tausayi ne ya sa suka ƙyale ta ba, tsoron bakin Malam Kailani ne.

Malam Kailani makanike ne ɗan shekara sittin da 'yan kai, kuma injektar da ya ƙware a kanta ba irin ta yanzu ba ce mai kwamfuta. Irin ta da ce, wadda ba ta san komai ba sai ƙarfe da matsin mai: iska ta motsa wani faranti, farantin ya tura allura, allurar ta raba fetur ga bututu huɗu daidai wa daida. In ka kuskura ka ce masa kafireta ta fi sauƙi, to nemi benci ka zauna, don ba za ka tashi ba sai an kira la'asar. Shekara ashirin da bakwai yana duba motar Chike, shekara ashirin da bakwai suna musu, domin rabin kafiretocin da suka kashe masa sana'a daga shagon Chike aka sayo su. Duk da haka in ɗaya bai leƙo ba yini guda, sai ɗayan ya aika a dubo ko lafiya.

Ran nan, safiyar Litinin, Chike ya shigo garejin Kailani da motar tana numfashi sama-sama. Bai tsaya tsokanar da suka saba ba, ya ja benci ya zauna.

"Injiniya, na yanke shawara," in ji shi. "Gida zan koma, gaba ɗaya. Gwiwa ta gaji. Shago na bar wa ɗan ƙanena, matata Maman Nwanneka ma ta riga ta yi gaba."

Kailani ya ci gaba da goge sifanar da ke hannunsa, wadda ba ta da ko ɗigon datti.

"To ka san garinmu can bayan Inugu yake, daga tudu sai gangare," Chike ya ci gaba. "Motar nan kuwa ko ɗan hawa ta gani sai ta fara roƙona. Nagoda ya ce in kai masa ita ranar Asabar ya cire wannan tarkacen naka ya ɗora kafireta. In ba ƙarfi, meye amfanin wahalar? Kafireta ko a ƙauye akwai mai gyara ta."

Nagoda shi ne makaniken garejin da ke kallon na Kailani, kuma shi ya fi kowa yawan injektocin da ya binne. Jin sunansa ya sa Kailani ya jefar da tsumman.

"Tarkace? Oga Chike, shekara nawa ina roƙonka ka bar ni in buɗe mata hanya, kana cewa kar in taɓa? Motar nan ƙoshi ne ba ta yi. Ba ni zuwa Asabar. Mu loda mata kaya, mu sa Nagoda a baya ya zama shaida. In ba ta haye tudun hanyar Jos a giya huɗu ba, ni da hannuna zan miƙa masa sifana."

"Ka faɗa da bakinka."

"Na faɗa."

Abin nema ya samu. Maganar tafiyar kuwa sai Kailani ya tura ta can bayan zuciyarsa, ya rufe. Tun kafin Chike ya tari Keke Napep ya riga ya ɗaga bonet yana magana shi kaɗai, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Da nozul ya fara, wato bakunan da ke fesa man. Ya ciro duka huɗun, ya zura kowanne a cikin kwalbar lemo, ya kunna famfon mai, ya motsa farantin da ɗan yatsa. Uku suka yi feshi mai kyau, na huɗun ya riƙa ɗiga kamar famfon masallaci. Ya wanke, ya gwada, ya sake wankewa, har fetur ya tsaya a layi ɗaya cikin kwalaben huɗu. Ranar Talata ya ɗaura gejin awon matsi, ya ga matsin man ya yi ƙasa saboda tsufa. Maganinsa washa ce 'yar mitsitsiya, sirarriya, wadda ba a sayarwa a ko'ina a Zariya, har shagon Chike mai alfahari da cewa yana da komai. Kailani bai damu ba. Ya sayi gwangwanin tumatir, ya juye tumatirin wa mai abincin bakin titi, ya yanko washar daga murfin, ya goge ta a kan dutsen wasa wuƙa har ta yi santsi. Da ya sa ta, allurar gejin ta miƙe ta tsaya inda yake so, shi ma ya miƙe ya yi tafi.

Sai dai zumuɗi ba ya barin mutum ya tsaya inda ya dace. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a gefen injin wanda ke ƙayyade yawan man da za a saki in an taka totur. Yana da wata toshiya da ake bugawa a hankali da guduma, kuma bugu ɗaya ya isa. Ranar Laraba Kailani ya buga ɗaya, ya saurari injin, daɗi ya kwashe shi, ya ƙara biyu. Da ya tayar da motar sai salansa ta yi aman baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin gaba ɗaya. Mai shayi ya rufe tukunyarsa yana Allah wadai, mai faci ya fito yana tari.

Nagoda ya tsallako titi yana riƙe da ciki don dariya.

"Malam Kailani, sauro ake kora ne? Da ka faɗa ai da an kai ta gidana an yi. Ka huta, kafiretar tana nan na wanke ta tas."

Kunya ta kama Kailani har wuya, haushin kansa kuma ya fi kunyar. Ya koma kan injin. Ya kwance akwatin, ya dawo da toshiyar baya, sannan ya yi abin da ya daɗe yana saƙawa a ransa: ya huda ta ya sa mata noti, yadda zai riƙa juyawa kaɗan-kaɗan maimakon bugu. Yinin Alhamis kaf a kan wannan notin ya ƙare. Ya juya kwata, ya zaga da motar, ya dawo ya ciro fulogi ya duba. In bakin fulogin ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, inji na jin yunwa. Shi kalar ƙuli-ƙuli yake nema, kuma bai same ta ba sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ɗaga fulogin sama yana nuna wa duk wanda ya gifta, har da wata mata mai tallan awara da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ranar Asabar da hantsi aka aro buhu huɗu na masara daga mai injin niƙa, uku a but, ɗaya a kujerar baya kusa da Nagoda, wanda shi ma buhu ne mai zaman kansa. Chike ya kama sitiyari, Kailani na gefensa ya ɗora tafin hannu a kan gaban motar yana jin bugun injin. Suka lallaɓa cikin cunkoson 'yan acaɓa, suka wuce Kongo, gari ya fara sirancewa, titi ya buɗe. Can gaba tudun ya bayyana, da wata tirela tana jan ciki a tsakiyarsa.

"In sauko giya uku?" Chike ya tambaya, don hannunsa ya saba.

"Kar ka taɓa! Taka ta kawai."

Chike ya taka. Motar ta ɗan yi jim, kamar mai tunanin ko da ita ake, sannan ta saki wata irin murya mai kauri da ba wanda ya taɓa jin ta yi, ta zabura. Bayan Chike ya manne da kujera. Allurar maleji ta haura tamanin, ta haura casa'in, a kan tudu, da masara, da Nagoda. Suka shafe tirelar kamar a tsaye take.

"Chineke!" Chike ya yi ihun kiran Ubangiji da yarensu yana dukan sitiyari. "Injiniya, me ka ba ta?"

"Murfin gwangwanin tumatir!" Kailani ya amsa, hularsa ta karkace, yana dariya har da hawaye. "Taka, Oga Chike, taka! Da tsohuwar zuma ake magani!"

A kujerar baya Nagoda ya rungume buhun masara yana salati.

"Don girman Allah ku rage! Na yarda! Wallahi na yarda, ina da iyali!"

Sai da suka haye tudun suka gangara sannan Chike ya samu gefen titi ya tsaya a inuwar wani mangwaro. Nagoda ya fito, ya zagaya ya buɗe bonet da kansa, ya daɗe yana kallon bututun nan huɗu, ya girgiza kai.

"Malam, wannan ba a taɓa ta," ya ce, ya wuce bayan bishiya don ya kama ruwa.

Daɗi ya cika Kailani har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ciro fulogi ɗaya da zafinsa, yana jujjuya shi a tsumma. Kalarsa ta yi yadda ake so, ba abin da za a ƙara, ba abin da za a rage. Chike ya zo ya tsaya kusa da shi yana haki kamar shi ya yi gudun.

"Ta yi, ko? Yanzu kam ba tudun da zai tsayar da ni. In na loda kaya gobe bayan coci, jibi da asuba sai hanya."

Sai a lokacin maganar da Kailani ya rufe tun Litinin ta buɗe. Da hannunsa ya gyara abin da zai ɗauke masa aboki. Jibi da safe benci zai wayi gari ba mai zama a kai ya kira aikinsa tarkace. Baƙin ciki ya taso masa ya danne murnar. Ya mayar da fulogin, ya tayar da injin, ya ji shi yana bugawa sumul, ya yi gyaran murya.

"Ta yi, amma da saura kaɗan," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Akwai wata 'yar ƙara da ban gane mata ba. Ba zan sake ta haka ta yi doguwar tafiya ba. Ka ba ni mako guda."

Chike ya yi shekara arba'in yana sauraron injina a ƙofar shagonsa, ya san lafiyayye in ya ji shi. Ya karkata kai ya kasa kunne, ya daɗe, yana kallon tsohon abokinsa.

"Ai ni ma na ji ta," ya ce a hankali. "Injiniya, anya mako guda zai isa? Ka yi biyu."