Koren Tayil na Hawa na Biyar

Ajiyau yana da aibi guda wanda shi kansa ba ya musunsa: bai iya zubar da abu ba. Daga nan ma ya samo sunan. A aljihun teburinsa, a makarantar da yake koyarwa, akwai makullai goma sha ɗaya da babu wanda ya san ƙofar da suke buɗewa, har shi mai su, amma taɓa ɗaya ka ga ɓacin rai. Shekararsa hamsin da biyu. Tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki, gashin kansa kuma ya yi ƙaura zuwa kunnuwa.

Gidansa yana hawa na biyar a wani tsohon bene mai hawa takwas, irin wanda kowa ya mallaki sashensa, sai dai a haɗu a matakala a yi gaisuwar dole. A nan ya girma. Da Baba ya rasu, Inna ta koma wurin ƙanwar Ajiyau, ta bar masa gidan da duk abin da ke ciki, har da banɗakin.

Banɗakin nan abin kallo ne. Bangonsa koren tayil ne, irin koren rigar tiyata da ta sha wanki. Bahon ƙarfen ya ɓare a gindi. Famfon sai ya yi tari sau uku kafin ya ba da ruwa. Madubin kuwa ya ci baƙi ta kowane gefe, hanci kawai yake nuna wa mutum, sauran fuskar sai ka cika da tunani.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, awa goma sha biyu take yi a tsaye. Wata rana aka tura su taron bita, aka sauke su a otal kwana biyu. Ta dawo da hotuna talatin a waya, babu ko ɗaya na taron.

"Malam, duba nan. Ruwan daga sama yake zubowa kamar damina. Ga benci, mutum ya zauna tururi ya ratsa shi. Tawul ma da ɗuminsa ake ɗauka."

"Mu ma namu in aka shanya a rana yana ɗumi."

"Shekara ashirin da uku ina wanka a ɗakin tiyata. Ko in mutu a cikinsa kake jira, ka ajiye ni a aljihun tebur tare da makullan?"

Ya yarda da komai. A fitar da baho, a sauke madubi, a yi wa famfo ritaya. Tayil ɗin ne kawai ya ce a'a.

Dalilinsa guda ne: Baba ne ya manna shi da hannunsa. Ajiyau yana tuna ranar sarai. Yana ɗan shekara shida, Baba sanye da singileti, fensir a bayan kunne, ga bokitin ruwa an jiƙa tayil a ciki yana ta fitar da 'yan kumfa. Shi ne mai tsamowa yana miƙawa. "Miƙo, injiniya," in ji Baba. Baba ma'aikacin gidan waya ne, mutum ne da magana take yi wa tsada, in ya dawo aiki sai jarida da rediyo. A duk rayuwarsu wannan ne yinin da suka yi aiki tare kafaɗa da kafaɗa. Akwai ma layi na uku daga ƙasa, kusa da ƙofa, da ya ɗan karkace. Duk safiya Ajiyau yana kallon karkacewar nan yana goge baki, ya ji kamar Baba ya leƙo ya fita.

Aka yi sulhu: za a cire tayil ɗin, amma ba za a fasa ko ɗaya ba.

Da mai tayil ya zo, wani gajeren mutum mai farin gemu da ƙura ta ƙara wa fari, ya saurari sharaɗin har ƙarshe, sannan ya ajiye babbar gudumarsa a hankali.

"Yallaɓai, wannan aikin rabin yini ne in ka bar ni da guduma. Amma ɗaya-ɗaya? Haƙori zan cire ko bango?"

"Aikin mahaifina ne."

Mai tayil ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne.

"Allah ya jiƙansa. Amma fa bai tausaya wa siminti ba. Wannan ko da bam sai an yi addu'a."

Ajiyau ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Ya ce a zuci, ai Baba ba ya aikin wasa.

Kwamitin masu gidajen benen bai yarda da ƙarar guduma ba sai daga ƙarfe goma zuwa biyu na rana. Don haka aikin rabin yini ya ci mako uku. Mai tayil yana lallaɓa ƙarfe a bayan kowane guda yana bugawa kaɗan-kaɗan, Ajiyau kuma, da ya ɗauki hutu musamman, yana karɓa da hannu biyu, ya rubuta lamba a baya da alli, ya jera a falo kan tsofaffin jaridu. In ɗaya ya tsage sai ya yi salati kamar an aiko da saƙon rasuwa.

"Yi haƙuri, Yallaɓai, wannan kwanansa ne ya ƙare," in ji mai tayil.

A tsawon makonnin nan wanka ya koma kicin, da bokiti, a tsaye cikin babbar robar wanki. Matarsa ta daina yi masa magana sai ta hanyar rufe ƙofa. Shi ma dai ranar da santsi ya kwashe shi ya rungumi firji, ya ɗan yi shakkar kansa, amma bai gaya wa kowa ba.

A mako na biyu suka iso layin nan mai karkacewa. Da aka ɗaga tayil na kusa da ƙofa, sai ga sawun yatsu huɗu a busasshen simintin, an ja su daga sama zuwa ƙasa. Ajiyau ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya ɗora nasa yatsun a kai. Suka zauna daram. Ya daɗe a haka. Ya ji warin jiƙaƙƙen siminti na wancan yini, ya ji tarin Baba, ya ga fensirin. Mai tayil ya fita baranda ya ba shi wuri, ya yi kamar yana amsa waya.

Da yamma matarsa ta dawo ta tarar da shi zaune a bakin ƙofar banɗaki, ido ja. Ta dube shi, ta dubi bangon.

"To, a sa layi ɗaya a sabon," ta ce. "Ɗaya fa, Malam. In na ga biyu, kai da su za ku kwana a baranda."

Bayan wata biyu aiki ya kammala. Ƙasa da bango suka sha dutse mai ruwan toka, an raba wurin wanka da gilashi, fitilu sun ɓuya a bayan madubi suna ba da haske mai laushi. Ga bencin katako, ga ƙarfen ɗumama tawul, ga shawa mai faɗin tire a sama. A tsakiyar wannan duka, daidai kafaɗa, layin koren tayil ya zagaye ɗakin kamar baƙon da ya zo walima da kayan barci. Sabon madubin ya nuna wa Ajiyau fuskarsa gaba ɗaya a karon farko, abin da bai roƙa ba.

Ranar hutu ya je ya ɗauko Inna ta sa albarka. Ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a bencin, ta shafa katakon, ta sa surukarta ta kunna mata ruwan ta kashe har sau uku.

"Kai, 'yar nan, kin huta. Da a zamanina ne da a nan zan riƙa karɓar baƙi." Sai idonta ya sauka kan koren layin. "Wannan kuma fa? Kayan ne bai isa ba?"

"Inna, aikin Baba ne. Ban bari an fasa ba."

"Wane Baban?"

"Baba dai. Ranar da na riƙa miƙa masa daga bokiti, yana ce min injiniya."

Dariya ta kama Inna har sandar ta faɗi. Da ƙyar ta share ido da gefen mayafi.

"Ashe ka riƙe! Wallahi an yi haka, ka jiƙe sharkaf, ya saɓa ka a wuya yana zagaya gida da kai. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Amma ai ba nan ba ne, ɗan nan. Kicin ɗin gidan hayarmu ne na bayan tashar jirgi, kuma farare ne. Mako bai cika ba suka fara zubowa, ɗaya ma a tukunyata ya faɗa. Daga ranar ubanka bai ƙara taɓa siminti ba har ya koma ga Allah."

Matar Ajiyau ta juya tana gyara tawul ɗin da ba ya buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa.

Koren tayil ɗin, a nan Inna da Baba suka tarar da shi ranar da suka tare a gidan.