Lamba Goma Sha Huɗu a Jerin Marlene

Marlene Kubiak ta goge sunan a karo na uku, har takardar ta kusa hujewa, sannan ta sake rubuta shi can ƙasa: lamba goma sha huɗu, Osiel Barragán, mai jifan ƙwallo. Ta kife takardar a kan teburin cin abinci, ta danne ta da kwalbar zuma, ta koma wajen kaskon fanke tana 'yar waƙarta kamar wadda ba ta aikata komai ba.

Shekara ashirin da shida ke nan, duk ƙarshen Yuli, tana jera samari talatin da suka fi alamar zuwa nesa a ƙananan ƙungiyoyin da babbar ƙungiyar besbol ke rainon 'yan wasanta, jaridar garin ta buga. Tsohuwar malamar lissafi ce, kujerarta a fili ɗaya ce tun fil azal, daidai bayan mai cafe ƙwallo, da littafinta da fensir. Da farko dariya ake yi mata. Yanzu kuwa masu zawarcin 'yan wasa daga wasu ƙungiyoyi kan tsaya a gidan mai su sayi jaridar, su yi kamar labarin farashin masara suke nema. Duk wanda ta sa cikin ukun farko da wuya ya ƙara sati biyu a garin. Ko dai a ɗaga shi zuwa mataki na gaba, ko wata ƙungiya ta nace sai an ba ta shi a musaya.

Matsalar bana ita ce Osiel a ɗakin sama na gidanta yake kwana. Albashin yaran nan ba ya kama haya, don haka gidaje kan karɓe su a damina, kuma shi ne na goma sha tara da ita da mijinta Vern suka sauka. Na baya sun ci, sun sha, sun tafi sun bar safa ɗai-ɗai a ƙarƙashin gado. Shi wannan ya iso daga Sonora, can ƙasarsu, a watan Afrilu, ya tarar da Vern a kujera tun bayan aikin da aka yi masa a ƙugu, tsohon har ya rantse shi da tafiya sun raba gari. Ba wanda ya san yadda Osiel ya lallaɓe shi. An dai wayi gari su biyu suna takawa har gadar rafi kullum da safe, suna gardama a kan wasannin da aka yi tun ba a haifi yaron ba. Marlene ta daɗe ba ta ji daɗin gidanta kamar bana ba, kuma ba ta son a taɓa mata shi.

Vern ya shigo yana dogara sanda, ya zauna da nishi.

“Malama, na nawa kika ba shi?”

“Sha huɗu.”

“Madalla,” in ji Vern, yana shafa haɓa. “Adalci ke nan. Ɗanye ne, bai nuna ba. A bar shi nan ya ƙarasa nuna har kaka.”

“Tsoho, ji tsoron Allah. Abokin yawonka kake ji.”

“Oho dai. Ni na riƙe fensirin?”

Sai aka fara jin takun Osiel a matakala. Ya gaishe su, ya ja kujera, ya jibga fanke huɗu a faranti. Malamar lissafi guda, amma ta manta wanda ke fara kai hannu kan zuma a gidan nan. Yana ɗaga kwalbar takardar ta biyo gindinta, ya ɓamɓare ta, ya juya.

Ya karanta daga sama, yatsansa na sauka layi bayan layi. Da ya iso sunansa ya tsaya. Marlene ta shirya wa fushi, har ta tanadi amsa. Sai ta ga ya ajiye cokali, ya zaro ɗan littafin nan daga aljihun wandonsa, wanda yake rubuta duk gyaran da ta yi masa tun zuwansa.

“Mama Marlene, ba ƙorafi nake ba,” ya ce. “Kowa a ɗakin shirin 'yan wasa ya san ba kya son kai. Faɗa mini abin da sha ukun nan suka fi ni, in rubuta. Yau da yamma ni ke jifa, sai in fara gyarawa.”

Ta juya fanken da bai isa juyi ba. “To, akwai jifan nan naka mai lanƙwasa.”

“A watan Mayu kika ce in sauke gwiwar hannuna, na sauke. Ta koma sama ne?”

“A'a, ba ta koma ba.”

“Sauri ne ya ragu?”

“Mil casa'in da bakwai a awa ka yi ranar Asabar.”

“To gajiya? Ina lalacewa bayan zagaye na biyar?”

“Ba ka lalacewa.”

Fensirinsa ya tsaya a kan farar takarda. Sannan ya ɗauki lemo daga kwando, ya riƙe shi kamar ƙwallo, yana gwada yatsu.

“Watakila riƙon ne. In na matsar da wannan yatsan nan, na canja gaba ɗaya...”

“Kar ka kuskura ka taɓa komai!”

Ita kanta sai da muryarta ta ba ta tsoro. Ta ga yara da yawa da suka je gyaran abin da bai lalace ba, suka dawo ba jifa ba kafaɗa. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta kashe murhu, ta zo ta zauna kusa da shi.

“Babu abin da suka fi ka, Osiel. Ɓoye ka na yi. Ranar Juma'a ake rufe musaya, na ce in mutanen nan suka gan ka can ƙasa, za su bar mana kai.”

Ya dube ta, ya dubi Vern wanda ya duƙufa yana binciken farantinsa, ya dubi sandar da ke jingine da tebur. Sai ya yi murmushi, ya rufe littafin.

“To a bar shi a hakan mana, Mama. Wata biyu ne kawai. Baba Vern bai kai ga hawa tudun coci ba tukuna.”

“Kai, tafi can!” in ji Vern. “Ce maka aka yi don kai nake fita? Surutun matar nan nake gudu. Malama, gyara masa abinsa, ƙarfe goma sha biyu jarida ke rufe karɓa.”

Marlene ta jawo takardar, ta goge, ta rubuta. Osiel ya leƙo ta kafaɗarta.

“Biyu?” ya ce. “Duk wannan, kuma biyu?”

“Biyu. Yaron nan Tremaine mai tsaron tsakiyar fili ya fi ka, kuma wannan karon ina da dalilai har uku. Buɗe littafinka.”

Dariya ta ƙwace masa, ya buɗe. Ta gyara zama, ranta fes, ta fara jero masa: yadda yake jinkiri in akwai ɗan hamayya da ke jiran gudu a bayansa, yadda fuskarsa ke tona asirin jifan da zai yi. Yana rubutawa yana gardama, tana ƙwanƙwasa masa fensir a hannu.

Vern ya share bakinsa, ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Osiel ya yunƙura zai bi shi.

“Zauna ka yi karatunka,” in ji tsohon. “Yau ni kaɗai zan je gada, in ga ko tana nan.”

Ƙofa ta rufu. Marlene ta matsar da kujerarta inda za ta hango titi ta taga. Vern ya sauka matakala uku na ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ya huta, sannan ya kama hanya.

“Mama, na ukun fa?” in ji Osiel.

“Dakata,” ta ce, idonta a waje. “Bari ya wuce akwatin wasiƙa tukuna.”