Reshen da Ya Tare Sheƙa

Shekara goma sha bakwai tsohon malamin tarihi ya yi yana lura da shaho biyu, mace da namiji, masu sheƙa a bishiyar da ke daura da tagar ɗakin karatunsa a saman bene. Ya san ranar da macen take fara kwanci, ya san kwanakin da ƙwan ke yi kafin ƙyanƙyasa. Abu guda ne ya gagare shi: hoton uwar tana sa abinci a bakin 'ya'yanta. Wani reshe mai duhun ganye ya gitta ta saman sheƙar, duk hoton da ya ɗauka sai ya fito rabi tsuntsu, rabi ganye.

A shekara ta goma sha takwas likita ya shaida masa cewa jijiyar idonsa tana mutuwa, kuma ba ta da gyara. Baɗi war haka haske da duhu kaɗai zai riƙa bambancewa. A makon ne aka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Ya aika a kira masa ƙanensa, kafinta.

"Yaya, kai da ka hana mu ko tari a bakin tagar nan, yau kai ke cewa in hau da zarto?"

"Reshe ɗaya ne. Da hantsi uwar takan tashi ta yi minti arba'in. Ya ishe ka."

"Da wannan gwiwar tawa? To, in na faɗo ka ɗauke ni hoto, ni ma a rataye ni a bango."

Matar malamin tana bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ita da ta zaɓi wurin, ba ta ga reshen ba ne?"

Malamin ya shiga goge gilashin kyamara.

Ranar Talata aka sare reshen. Laraba da safe ya sami hoton: uwar ta sunkuya da tsokar ƙadangare, bakuna biyu a buɗe, babu ko ganye ɗaya.

Da rana ta take ya gane aikin reshen. Zafi ya sauka kan sheƙar kai tsaye har yamma. Uwar ta buɗe fikafikai ta rufe 'ya'yan, baki a wangale tana haki, ta kasa tashi ko da shan ruwa. Ranar Alhamis ƙaramin ya mutu. Washegari kafinta ya sake hawa don ya ɗaure reshen da igiya, amma ganyen ya riga ya yanƙwane, uwar kuma ta kai masa sura ta yage masa fatar kai. Ya sauko da jini a wuyan riga, bai yi raha ba.

Ranar Asabar babban bai ɗaga kai ba. Namijin ya kawo ɓera, uwar ta yagi tsoka ta miƙa, ta jira, ta sake miƙawa. Tsohon yana zaune a bayan kyamarar, hannuwa a kan cinya.

Matarsa ta tsaya a bayansa ta leƙa. Daga nan ba ta iya hango cikin sheƙar.

"Ga ta tana ba shi abinci. Ba za ka ɗauka ba?"

"Ba na gani sosai yau," in ji shi.

Yana gani, har ƙudan da suka fara taruwa a gefen sheƙar.