Kofin da Ke Gefen Famfon Ƙarshe

A matatar ruwan birnin akwai wani kofin ƙarfe rataye a ƙusa, gefen famfon ƙarshe, bakinsa duk ya lanƙwashe. Ba a rubuta dokarsa a ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Duk safiya, bayan an gama gwaji, shugaban ɗakin gwaji zai tari ruwa a kofin ya sha a gaban ma'aikata. Sai ya sha sannan Baba Mai Inji yake buɗe wa gari ruwa. In bai sha ba, ranar kowa ya nemi rijiya.

Shekara da shekaru wata mata da ake kira Dakta ce ke shan kofin. Ba likita ba ce, ilimin sinadarai ta karanta, amma mutane sun ga farar riga sun yanke hukunci, ita kuma ta gaji da gyara musu.

Sai zaɓe ya zo. Ɗan takarar adawa ya duba ya ga an riga shi yin alkawarin hanya, an riga shi yin na asibiti, sai ya tari ruwan famfo a wajen taro ya shinshina. "Jama'a, wannan ruwan sha ne ko na wanke asibiti?" Nan take ya yi alkawarin cire kulorin, maganin nan mai wari da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Ya kuwa ci zaɓe. Har mijin Dakta shi ya zaɓa, wai shayinsa ya daɗe yana shan wulaƙanci.

Dakta ta je ofishin sabon shugaban da aka zaɓa da hotunan ƙwayoyin cuta. Ta yi masa bayanin bututun da suka tsufa, da inda suke ratsa kwata kafin su kai gidaje. Ya saurare ta da haƙuri irin na wanda ya gama shawara tun a gida.

"Dakta, su ƙwayoyin nan naki, sun jefa ƙuri'a?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To jama'a sun jefa."

Ta fito tana tunanin ƙanwarta. A shekarar kwalara ita ta goyi ƙanwarta zuwa asibiti, aka rasa gado aka shimfiɗe ta a baranda, kafin la'asar ta cika. Abin da ya kawo ta aikin ruwa ke nan, amma ba ta ga amfanin gaya wa mutumin da ke duba agogo ba.

Ranar ƙaddamar da ruwa marar wari aka kafa rumfa a matatar, aka jera kujerun haya, aka gayyaci 'yan jarida. Tun da sassafe umarni ya zo aka tsayar da injin kulorin, tanki ya cika da sabon ruwa. Shugaba ya yi jawabi mai tsawo kan 'yancin hancin talaka, sannan ya juya ga Baba Mai Inji ya ce a buɗe wa gari.

"Ba a sha kofi ba, ranka ya daɗe," in ji Baba.

Aka yi wa shugaba bayanin kofin a kunne. Abin ya burge shi, don ya hango hoto mai kyau. Dakta ta ciro kofin, ta tari ruwa, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ruwan garau yake, ba ya warin komai.

"Ranka ya daɗe, wanda ya tsaya wa ruwa shi ke sha. Na gwada wannan, ban tsaya masa ba. Kai ka tsaya masa." Ta miƙa masa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Shugaba ya leƙa kofin, ya daɗe yana leƙe, ko yana neman ƙwayoyin da ba su yi zaɓe ba ne, oho. Can ya ce likita ya hana shi shan ruwan sanyi da safe, ya miƙa wa mataimakinsa. Mataimaki ya ce ai bai isa ya sha abin da aka tanada wa maigida ba, ya miƙa wa sakatare. Sakatare ya ce yanzun nan ya haɗiyi magani. Haka kofi ya bi layin gaba kaf, kowa da larurarsa, masu kyamara na biye da shi, har ya dawo hannun shugaba, wanda ya ɗebo da zafi. Ko ɗigo bai ragu ba.

Shugaba ya ajiye shi a kan tebur a hankali. Ya sanar cewa gwamnatinsa mai sauraro ce, don haka za a kafa kwamitin nazarin wari, kafin nan a ci gaba da zuba kulorin na wucin gadi. Aka tafa. Baba Mai Inji ya je ya tayar da injinsa.

Kafin mako ya zagayo aka mayar da Dakta sashen kula da furannin shataletale. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi kuka a mota. A gida mijinta ya kurɓi shayi ya yamutsa fuska, ya dubi idonta, ya shanye.

Wanda aka ba kujerarta surukin shugaba ne, mutumin da ya fi kowa ɗaga murya kan wari lokacin yaƙin zaɓe. Ran da ta je miƙa masa makullai, ta tarar da shi gaban famfon ƙarshe, ma'aikata sun kewaye shi, Baba ya danƙa masa kofi. Ya kai shi hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya matso kusa da ita ya sassauta murya.

"Dakta, don Allah, warin nan bai yi kaɗan ba kuwa?"

"Ya isa," ta ce. "Sha."