Aman Safiyar Litinin

Sati uku Magdalina ta yi tana amai kusan kowace safiya kafin wani babba a gidanmu ya ga dama ya lura. Da aka lura ɗin ma, gara a ce ba a lura ba.

Ƙanwata ce, shekararta sha bakwai, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ni Sandra ni ce babba, ina da ɗan shagon ɗinki a bakin layinmu a Shango. Ɗakinmu ɗaya da ita, saboda haka ni na fara gani. Da ta sa kayan makaranta ta saɓa jaka, sai ta yar da jakar ta ruga bayan gida wajen magudanar ruwa. Ta dawo tana goge baki ta ce kunu ne bai karɓe ta ba. Aka daina ba ta kunu, aman bai daina ba. Laifina a nan shi ne na san ko mene ne, na kuma ja bakina na yi shiru, don ni ma na taɓa tsugunawa a bakin wannan magudanar.

Babanmu Josiah ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Maikunkele, ranar Asabar kuma yana gonar doyarsa. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya zagi. Amma tun kafin a yaye mu ya yanke cewa gidansa sai ya fitar da likita, kuma ba wanda ya nemi shawararsa, har da mu da za mu yi karatun. Ni aka fara ɗora wa. Shekara shida ana kirana Dokta, a gida, a coci, har mai injin niƙa. Na zauna Jamb sau uku maki bai kai ba. Rana ɗaya na wayi gari na koma Sandra, ba wanda ya ce mini sannu. Sunan kuwa ba a bar shi ya lalace ba, aka cire shi daga jikina kamar rigar da ta matse ni aka zura wa Magdalina, lokacin tana aji biyu na sakandare, ba ta ma san me ake ciki ba.

Baba ya rubuta mata jadawali da hannunsa ya liƙa a bangon falo kusa da kalandar coci. Makaranta daga bakwai zuwa biyu. Lesin na makaranta zuwa huɗu. Lesin na Jamb zuwa shida. In ta dawo ta ci abinci, littafi. An ɗauke mata wanke-wanke, an ɗauke mata shara, an ɗauke ta daga ƙungiyar mawaƙa ta coci, wanda shi kaɗai ne abin da take zuwa da ƙafarta ba a tura ta ba. Mama tana faɗa wa mata da alfahari cewa 'yarta ko cokali ba ta wankewa.

Da aka yi jarrabawar gwaji ta ci arba'in da takwas a kemistiri. A makarantarsu ana karanta makin kowa a gaban taron safe, daga na sama zuwa na ƙasa, wai don a zaburar da yara. Da ta kawo takardar gida Baba bai yi faɗa ba. Ya zagaye makin da jan biro, ya yi 'yar dariya ya ce, “Dokta, mutum nawa za ki kashe da wannan?” Ita ma ta yi dariya, don abin da ake so ta yi ke nan. Washegari aman ya fara.

Ranar Litinin ɗin da abin ya fashe, Baba ya riga ya hau mashin ya tafi aiki. Maƙwabciyarmu Maman Yona tana shanya a bayan gidanta, katangar kuwa gajeriya ce, idonta kuma bai taɓa hutawa ba. Ta leƙo ta ga Magdalina a tsugune. Ba ta ce wa yarinya sannu ba, ta zagayo ta ja Mama gefe.

“Maman Sandra, ni fa ba na son magana,” in ji ta, kamar yadda duk masu son magana suke farawa. “Amma wannan karo na huɗu ke nan ina gani. Kullum da safe. Ruwa dai ba ya tsami banza.”

Mama ta shigo ɗakinmu ta turo ƙofa. Ta kama hannun Magdalina ta buɗe tafin ta duba, ta ja fatar idonta ƙasa, ta kalli wuyanta.

“Waye?” ta ce.

Magdalina ta sunkuyar da kai.

“Ina tambayarki. Malamin lesin ne? Ko yaron nan mai kaɗa piyano?”

Na ce, “Mama, haba! Yaushe ta samu lokacin? Ki je falo ki duba jadawalin, ki nuna mini inda aka bar mata ko minti goma.”

“Ke rufe mini baki, ba da ke nake ba.”

Ta sake tambaya sau biyu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Magdalina ba ta musa ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, tana tsaye tana kallon takalminta. Wannan shirun ne ya tabbatar wa Mama zarginta, ta ɗauke ta da mari, irin wanda ba a taɓa yi mata ba tunda aka haife ta. Na shiga tsakaninsu. An bar jaki ana dukan taiki, kuma jakin yana nan liƙe a bangon falo kowa yana wuce shi.

Mama ta ce kafin Baba ya dawo sai ta san gaskiya. Akwai asibiti a bayan layinmu, amma ta ƙi shi, wai 'yar cocinmu tana aiki a can. Muka hau keke napep muka ratsa gari zuwa wani ƙaramin asibiti inda ba wanda ya san mu. Maman Yona har ta ɗauko gyale za ta raka mu. Na ce mata ta koma ta ƙarasa shanyarta, ta yi mana iya taimakon da za mu iya ɗauka.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata dattijuwa ce mai suna Kafayatu, Hausarta irin ta kasuwa, ba ta damu da wane ne shi wace ce ita ba. Ta ba Magdalina 'yar roba ta nuna mata banɗaki, ta ce mu jira. Muka zauna a benci. Mama tana addu'a ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana cewa, “Me zan gaya wa Zumuntar Mata a coci? Da wane ido zan kalli babanku?” Magdalina tana tsakiyarmu da kayan makaranta, shatin yatsu huɗu a kumatunta, tana ɓantarar gefen farcenta har jini ya fito. Ba ta ko ji ba.

Nas ta leƙo ta kira mu ciki. “Mama, babu ciki. Yarinyar ka lafiya lau ta wannan wajen.”

Mama ta zube a kan gwiwoyinta a tsakiyar ɗakin ta ɗaga hannu sama. “Na gode Yesu! Ka rufa mini asiri!” Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta share hawaye, ta kalli agogon bango. “Tara da rabi. Dokta, ɗauki jakarki, in muka yi sauri za ki samu darasin bayan tara.”

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Shi ke nan? Ba ciki, sai a koma aji? To aman fa, Mama? Sati uku yarinya tana zubar da abin da ke cikinta, ba abin da ya dame ki sai me za a ce a coci? Kin mare ta a banza, ko haƙuri ba ki ba ta ba, kina kallon agogo!”

“Sandra, ni kike ɗaga wa murya a gaban mutane?”

“Ke nake ɗaga wa! Da wani ya ɗaga muku murya lokacin da nake yin nawa aman, da ba mu zo nan yau ba.”

Mama ta juyo ta kalle ni. Ba ta san na taɓa yi ba. Ba ta tambaya ba, ta yaya za ta sani?

Nas Kafayatu ta buga biro a tebur ta ce duk mu zauna, nan ba tasha ba ce. Ta jawo kujera kusa da Magdalina ta yi ƙasa da murya.

“Ranar Lahadi kana amai?”

“A'a.”

“Ranar hutu fa?”

“A'a.”

“Asabar?”

“In akwai lesin.”

“Barci fa, awa nawa?”

Magdalina ta ɗaga yatsu uku, ta ɗan yi tunani, ta naɗe ɗaya.

Nas ta juya ta kalli Mama. “Mama, ciwon da ya san Lahadi ya san Litinin, ba daga abinci yake ba. Tsoro ne. Tunani ya yi masa yawa, ciki ya kasa riƙe abinci. Likita zai duba shi ko olsa ya kama, amma magani kaɗai ba zai yi ba. A bar shi ya yi barci. A rage lesin. Ya samu wanda zai yi wa magana ba a tambaye shi maki ba.”

Mama ta taɓe baki. “Tsoron me? Yarinyar da ba ta da miji, ba ta da ɗa, ko shara an ɗauke mata? Mu da muka taso muna ɗaukar itace a kafaɗa kafin mu je makaranta, wa ya taɓa jin mun yi amai don karatu?”

“Itace kana sauke shi in ka kai gida, Mama,” in ji nas, ta ci gaba da rubutunta.

Likita ya duba ta, ya rubuta magani, ya maimaita abin da nas ta faɗa da dogon Turanci. Mama tana gyaɗa kai irin na wadda ta riga ta yanke abin da za ta yi. Muka fito bakin titi muna jiran keke, rana ta fara zafi. Ina jin haushin Mama, da na Baba, da na Maman Yona, da na shugaban makarantar da ke karanta makin yara kamar mai gwanjo. Wanda ya fi ci mini rai kuwa nawa ne, don ranar da aka ɗauke sunan nan daga kaina aka ba ta, na yi barci mai daɗi, ban ko tuna da ita ba.

Mama ce ta fara magana, muryarta ta ɗan sauka. “Ke ma da laifinki. Na tambaye ki sau uku. Me ya hana ki ce mini a'a? Kin bar ni na ɗaga hannu a kanki.”

Magdalina tana kallon motocin da ke wucewa. Ta yi magana a hankali, ba kuka, ba fushi.

“Na san ba ni da shi, Mama. Ban san namiji ba. Amma da muna zaune a bencin nan, addu'a nake yi a ce akwai. Na ce ko na'urarsu ta yi kuskure. Da sai a kore ni daga makaranta, Baba ya cire ransa a kaina, in huta.”

Keke ya tsaya a gabanmu, mai shi ya yi ham sau biyu, ya gaji ya wuce. Mama ta laluba bayanta ta zauna a kan bakin kwalbati, jakarta ta zame ƙasa ba ta ɗauka ba. Matar da ta yi godiya a gwiwa minti talatin da suka wuce, yanzu ta ji cewa abin da take gudu ya fi mutuwa shi 'yarta take roƙo. Ta daɗe tana kallon shatin hannunta a fuskar yarinyar.

“To me kike so?” ta ce daga ƙarshe.

Na ɗauka za ta ambaci wani karatu, ko waƙa, ko ta ce ba ta son likitanci. Sai ta ce, “Barci nake ji, Mama.”

Muka koma gida. Magdalina ta kwanta da kayan makarantar a jikinta, kafin in cire mata safa ta tafi. Mama ta jawo 'yar kujera ta zauna a bakin ƙofar ɗakinmu da faranti tana ɓarar agushi. Ban buɗe shago ba ranar. Maman Yona ta leƙo ta katanga sau biyu, Mama ba ta ko ɗaga kai ba. Ni ban huce ba, Mama kuma ba ta nemi in huce ba.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi muka ji mashin ɗin Baba. Ya shigo ya ga jakar makaranta a yashe a falo, ya kalli agogonsa.

“Dokta ba ta je lesin ba?”

“Tana barci,” in ji Mama.

“Barci? Da rana tsaka? Saura wata biyu jarrabawa fa. Tashe ta, in kai ta a mashin, ko awa ɗaya ta samu.”

“Ba za ta je ba. Gobe ma ba za ta je ba.”

Ya nufo ƙofar. Mama ta ajiye farantin ta miƙa ƙafarta ta tare hanya. Shekara ashirin da bakwai da aurensu, ban taɓa ganin ta tare masa hanya ba.

“Baban Sandra, akwai maganar da zan gaya maka, kuma a zaune za ka ji ta, don ni ma ƙafata ba ta ɗauke ni ba da na ji. Amma ba yanzu ba, sai ta tashi don kanta. Cire takalminka, ƙararsu za ta tashe ta.”

Baba ya kalle ni, na kawar da kai. Ya kalli Mama, ya leƙa ta saman kafaɗarta ya ga yarinyar a dunƙule da farar riga, bakinta a buɗe, kumatunta a kumbure. Sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.